Daminar Da Na Ba Baffa Aron Gona

Shekara bakwai ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa kafin a yi mini ƙarin girma. Kamfanin yana bakin titi, daga garinmu tafiyar minti arba'in ce a keke idan babu iska. Aikina shi ne kula da injin da ke busar da shinkafa bayan an turara ta. Idan ta bushe fiye da kima sai ta kakkarye a wajen casa, idan kuma aka bar ta da sauran laima sai ta yi wari a buhu. Akwai na'urar gwaji, ina amfani da ita, amma ban taɓa sakin jiki da ita ba. Sai na ɗebo ƙwaya na ciza na ji yadda za ta fashe, na zagaya ɗaya gefen na sake ɗebo wata. Abokan aiki suna tsokanata wai da sannu zan cinye kamfanin ƙwaya-ƙwaya.

Haka Allah ya yi ni. Ni ne mai dawowa daga bakin hanya don na duba ko an ɗaure akuya, alhali da hannuna na ɗaure ta. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ya sa duk abin da aka damƙa mini nakan riƙe shi hannu bibbiyu, don na san ba ni da wata takardar da zan nufi wani wuri da ita.

Duk tsawon shekarun nan ban bar noma ba. Aikin injin na karɓa-karɓa ne, mako guda ina shiga da safe, mako guda da rana, saboda haka da damina nakan samu rabin yini na shiga gona. Gona ɗaya ce da ni, ta gado, tana bayan gari daf da hanyar da nake bi zuwa aiki. Ba ta da girma, amma ta ci taki tun zamanin kakanmu. A wajenmu babu dajin da mutum zai je ya sara, gona ce jingine da gona har iyakar ganinka, kowacce da mai ita. Geron da dawar da nake samu a cikinta su ne cin gidana kusan shekara, albashi kuma ya tafi a cefane da makarantar yara da magani.

Ana tsakiyar rani manaja ya kira ni ofishinsa. Tun daga bakin injin har ƙofarsa ina lissafa laifin da na yi. Sai ya miƙo mini takarda ya ce an mai da ni mai kula da duk ma'aikatan ɓangaren turara da busarwa, an kuma ƙara mini albashi. Ya ce amma aikin ba na karɓa-karɓa ba ne, daga safe ne har yamma, kwana shida a mako. Injin kuma zan koya wa wani mutumin Kunci, sa'ana ne, wanda a lokacin yake cikin masu ɗaukar buhu. Na yi godiya na fito. Kafin a tashi aiki kowa ya ji, aka fara kirana Oga. Na ce su bari, ba su bari ba.

Murna ta yi kwana biyu, sannan maganar gona ta taso mini. Mutumin da zai fita da sassafe ya dawo daf da magariba ba zai yi noma ba. Matata ta ce na sa 'yan ƙwadago tunda yanzu akwai hali. Na san kaina. Da zan bar gona a hannun mutanen da ba na gani, da ba zan tsinana komai a wajen aiki ba, hankalina yana can yana tambaya ko sun tsuge geron daidai. Sai na yi tunanin Baffa, ƙanin mahaifina. 'Ya'yansa maza uku sun yi aure duk suna gandu ɗaya da shi, bakuna sun yi yawa, gonarsa ba ta ƙaru ba. Kowace shekara sai ya nemi aro ya haɗa.

Ni na je na same shi, ba shi ya roƙa ba. Wannan ya daɗe yana dawo mini. Ranar Juma'a ce bayan an sauko, yana zaune a ƙofar gida da mai unguwa. Na durƙusa na gaishe su, na ce bana ya noma gonata. Baffa ya tambaye ni ko na yi shawara da iyalina, na ce na yi. Ya sake tambaya ko ba zan so na riƙe ko da rabi ba, na ce a'a. Ya ce to akwai wani Alhaji da ya yi masa alkawarin aron wata gona can nesa da gari, zai je ya ce masa ya ba wani. Mai unguwa ya sa mana albarka, aka shafa fatiha.

Da bazara ta kama Baffa ya fara kai taki. Kullum na wuce da safe sai na ga jakunansa biyu da mangala, ɗaya daga cikin 'ya'yansa yana zazzagewa. Tsibi-tsibi suka riƙa ƙaruwa a gonar, baƙi-baƙi, a jere kamar an auna. Duk abin da garken awakinsa ya tara a shekara, da tokar madafa, da sharar gida, nan ya juye su. Tasa gonar kaɗan ya kai mata, ya ce tawa ta fi riƙe ruwa, a nan takin zai fi yin amfani.

Wanda bai taso a irin garinmu ba zai ɗauka taki shara ce kawai. A wajenmu idan ka ba mutum aron gona ya zuba taki, daminar ta zama tasa. Ƙofa ɗaya ce ta rage, ita ma ƙarama: kafin a yi shuka mai gona zai iya zuwa da babban uzuri ya ba da haƙuri, ya biya mutum takinsa, a yi ta maganarsa a gari a wuce. Amma da zarar iri ya shiga ƙasa, magana ta ƙare sai bayan girbi. Ko alƙali ba ya shiga.

Takin bai gama cika gonar ba abubuwa suka fara canzawa a kamfani. Motocin da ke kawo shinkafar da ba a casa ba suka ragu. A da sai su yi layi har bakin titi, direbobi suna kwana a ƙarƙashinsu, yanzu sai a wuni ba a ga fiye da mota uku ba. Buhunan da muka casa kuma suka cika sito har rufi, ba masu ɗauka. Aka ce ta waje ta cika kasuwa kuma ta fi tamu sauƙi. Aka kashe ɗaya daga cikin tukwanen turara guda biyu. Wata Talata wasu mutum biyu suka zo daga babban ofis na Kano a farar mota, suka zagaya ko'ina, suna tambayar kowa sunansa da aikin da yake yi, ɗaya yana rubutawa. Da suka zo kaina na ce ni ne mai kula da ɓangaren. Mai rubutun ya ce, ban da kulawar fa, me nake yi da hannuna. Na ce ina duba komai.

Daga ranar aka fara raɗe-raɗin za a rage ma'aikata.

Duk wanda na yi wa maganar sai ya yi dariya. Masu ɗaukar buhu suka ce, Oga, kai da aka ɗaga jiya, mu ne dai abin tausayi. Matata ta ce wa ya taɓa ganin an yi wa rago kiwo wata uku sannan a kore shi daga gida. Na ce mata ragon da aka yi wa kiwo ai shi ake yankawa. Ta ce na tofar da yawu, na bar mugun fata.

Na ɗauki takardar ƙarin girman na kai wa hedimastan firamaren garinmu, don da Turanci take, ni kuma Turancina na tsintar kalma ne. Na roƙe shi ya duba mini ko akwai inda aka ce ba za a sallami mutum ba sai ya yi kaza a sabon matsayi. Ya sa tabarau ya karanta har sau biyu. Ya ce babu, abin da ke ciki kawai shi ne kowane ɓangare zai iya rabuwa da ɗaya idan ya ba da sanarwar wata guda. Amma ya ce na kwantar da hankalina, kamfani ba mahaukaci ba ne, ba zai ƙara wa mutum albashi yau ya kore shi gobe ba, ƙarin da aka yi mini shaida ce cewa suna bukatata. Na ji daɗin maganar har na kai gida. Da na zauna na tuna cewa shi gwamnati yake wa aiki, bai taɓa ganin an rufe tukunya ba.

Maigadin kamfanin dattijo ne, ya yi aiki a wata masaƙa a Kano shekaru masu yawa har ta mutu. Wata rana da azahar muna alwala a bakin famfo na tambaye shi yadda aka yi a can. Bai ɗago ba, yana wanke ƙafa ya ce su ba sa duba wanda aka yaba wa, suna duba wanda idan babu shi injin zai tsaya. Ya ce a masaƙarsu masu biro a aljihu aka fara sallama. Sai da ya faɗa ya lura da biron da ke aljihun rigata, ya ce shi fa ba da ni yake ba, kowane wuri da tsarinsa, kuma arziki na Allah ne.

Na koma ciki na tsaya daga nesa ina kallon mutumin Kunci a bakin injina. Na koya masa da zuciya ɗaya, ban ɓoye masa komai ba, har yadda ƙarar injin take canzawa idan bel ya fara sakewa. Na ga ya ɗebo ƙwaya ya ciza, ya zagaya ya sake ɗebo wata. Ya iya. Idan na kwana biyu ban zo ba babu abin da zai tsaya. Ma'aikatan da nake kula da su kuma, tun da aka kashe tukunya ɗaya, rabinsu a inuwa suke wuni.

Na yi ta maza na je wajen manaja. Na ce, ranka ya daɗe, ina da gona a hannun wani, ga damina ta matso, ina so na san matsayina ko da a asirce ne. Ya ce wallahi shi ma bai sani ba, daga Kano sunayen za su zo, shi dai ya rubuta cewa ni mutumin kirki ne mai riƙon amana. Na tambaye shi yaushe. Ya ce ko wannan watan ko mai zuwa.

Gabas kuwa ta fara haɗa gira. Kullum da la'asar hadari zai taso ya yi baƙi, iska ta kaɗa, sai ya watse. An ce an yi ruwa a kudu da mu, har wasu sun yi shuka. Mutanen gari suna ɗaga kai suna roƙon Allah ya sauko da shi. Ni ma ina cewa amin tare da su a masallaci, amma can cikin zuciyata ina so ya jinkirta har sunayen su fito. Wannan ya dame ni ƙwarai. Gari guda yana neman rahama, ni kaɗai ina fatan ta dakata saboda bukatar kaina. Na yi ta istigifari, fatan kuma bai fita ba.

Abin da nake juyawa dare da rana bai wuce biyu ba. Idan na karɓi gonar kuma ba a sallame ni ba, na cuci ƙanin ubana a kan zato. Ya saki wancan aron, an riga an ba wani, takinsa na shekara yana cikin ƙasata, kuma ko na ce zan biya, a wannan lokacin babu mai sayar da taki, kowa ya kai nasa gona. Ga shi gonar ma ba zan iya noma ta ba. Idan kuma na yi shiru aka sallame ni, babu albashi babu hatsi, da yara biyar, har wata kakar. Kowanne na ɗauka sai ɗayan ya fi shi nauyi.

Matata da ta ga na daina cin abinci sosai ta ce, Malam, in abin ya kai haka ka je ka nemi rabi mana, Baffa ubanka ne, ba zai ƙi ba. Na ce sanin ba zai ƙi ba shi ne ya hana ni.

Duk da haka na je. Na sayi goro na same shi da yamma yana gyara ƙotar sungumi, dogon abin da ake sara ramin shuka da shi. Muka gaisa, na zauna a ƙasa gefen tabarmarsa. Tun kafin na buɗe baki ya fara ba ni labarin gonar, wai ya ga inda ruwa yake zaizaye kusurwar yamma ya sa an jera duwatsu, wai jakinsa ɗaya har bayansa ya yi gyambo saboda jigila. Ya aika aka ɗebo irin geron da ya ware ya nuna mini, zangarniya zaɓaɓɓu da ya rataye tun bara. Yana magana fuskarsa a sake, rabon da na gan shi haka tun mahaifina yana da rai. Da zan tashi ya ce, ko da magana ne. Na ce babu, gaisuwa ce kawai.

Bayan kwana huɗu ruwan ya sauka. Muna wajen aiki, wajen ƙarfe uku, ya zo da iska mai ƙarfi har sai da muka ruga muka rufe ƙofofin sito. Ya yi kamar awa biyu yana zuba. Ma'aikata suka tsaya a bakin rumfa suna shaƙar ƙamshin ƙasa, kowa yana cewa wannan na shuka ne, gobe sai gona. Wasu har sun fara neman izinin makara a wajena. Na ba su. Na tura kekena cikin taɓo har gida, ban iya hawa ba.

Washegari na fito da wuri fiye da kullum. Ban san me nake nufi da hakan ba, ko so nake na riga su, ko so nake na wuce kafin su zo. Gari duk ya fita. Ko'ina ka duba mutane ne a jere, mai sungumi a gaba yana sara, masu iri a baya suna jefawa suna rufewa da diddige. Da na iso gonata sai na tarar da Baffa da 'ya'yansa a bakin iyaka, ba su fara ba. Ƙwaryar iri tana ƙasa. Ya ɗaga mini hannu, na sauka daga keke.

Ya ce ni suke jira. Mai gona shi ya kamata ya jefa irin farko, don albarka.

Na jingine keken na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce wa 'ya'yansa su je ɗaya gefen su duba duwatsun nan ko ruwa ya ture su. Da suka yi nisa ya rage murya.

"Na ji ƙishin-ƙishin a kan wajen aikinku," in ji shi. "An ce za a rage mutane. Ka gaya mini gaskiya tun iri yana cikin ƙwarya."

Na kalli ƙwaryar. Na kalli tsibin takin da ruwa ya jiƙa ya fara nutsewa cikin ƙasa. Ƙafafun Baffa duk taɓo, ya naɗe wandonsa har gwiwa, mutumin da ya haura saba'in. Abin da kowa yake gaya mini wata guda ina ƙaryatawa, shi ne ya fito.

"Ni ba zai shafe ni ba, Baffa. Kwanan nan aka yi mini ƙarin girma."

Ya dubi fuskata. Sannan ya ce to alhamdulillahi. Ya ɗaga sungumi ya sara, na ɗebi gero da yatsu uku na yi bisimilla na jefa, na rufe da ƙafata. Ya sake sara na sake jefawa, har rami bakwai. Daga nan babban ɗansa ya karɓi ƙwaryar. Na hau keke. Ina jin saran sungumin a bayana har na fita titi.

Kwana goma sha biyu aka yi. A cikinsu babu abin da ya faru, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawonsu ba. Duk motar da ta tsaya a bakin ƙofa sai gabana ya faɗi. Na riƙa neman aikin da zan sa hannu, ina taya ɗaukar buhu, ina share bakin tukunya, don duk wanda ya leƙo ya gan ni da gumi. Masu buhu suka ce Oga zai ƙwace musu sana'a. A gona kuma gero ya tsiro, layi-layi, kore shar. Kullum sau biyu nake wuce shi.

Ranar Litinin da hantsi aka fara kiran mutane ofis ɗaya bayan ɗaya. Ni ne na huɗu. Manaja bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce ba laifi na yi ba, matsayin ne aka soke gaba ɗaya, tunda tukunya ɗaya ce ke aiki shi da kansa zai riƙa duba ɓangaren. Na ce, ranka ya daɗe, to a mai da ni kan injina, a janye ƙarin, na yarda. Ya ce ya faɗa musu haka, suka ce injin yana da mai shi, kuma albashinsa bai kai nawa na da ba ma. Ya ce da an bar ni inda nake tun farko, da babu mai taɓa ni. Ya faɗi wannan ne don ya nuna mini ba a raina aikina ba, na sani, amma da bai faɗa ba da ya fi.

Mutumin Kunci ya biyo ni har bakin ƙofa yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi. Na ce masa babu komai, ya dai riƙa duba bel ɗin nan na hagu. Maigadi ya buɗe mini ƙofa ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ban bi ta hanyar gona ba, na zagaya ta gabas. Matata tana tankaɗe na shiga da rana tsaka, ta dube ni ta ajiye rariyar. Ba ta tambaya ba. Can ta ce abin da ya rage a rumbu zai kai mu wata biyu idan an lallaɓa. Na ce na sani, na riga na duba.

Kwana uku ban fita ba sai masallaci, a can ma ina idarwa nake sulalewa. Na nemi aro a wurare biyu ta bakin wani, aka ce ko taku ɗaya babu inda ba a shuka ba. A rana ta huɗu da safe aka yi sallama, na fito na ga Baffa ne da kansa, abin da ba ya yi, shi ake zuwa wa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya jajanta mini, na amsa. Sai na ce ina da abin da zan nemi gafararsa a kai, ranar shuka ban gaya masa gaskiya ba, na san abin zai iya zuwa kaina.

Ya murza carbinsa. Ya ce shi ma yana da nasa. Ya ce ya tambaye ni ne yana addu'ar kada na ce ina so. Da na ce ina so da ya ba ni, amma da ya riƙe ni a zuciya har ya mutu, don bai san abin da zai gaya wa 'ya'yansa ba. Da na ce ba zai shafe ni ba, ya ga fuskata, ya gane, ya ɗaga sungumi da sauri kafin na sake magana.

Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ya ce gero da dawa sun riga sun zama na gidansa, wannan ba ya cikin abin da zai taɓa, yaran sun yi wahala. Amma ba a sa wake ba tukuna. Mako mai zuwa za su gama noman farko, tsakanin layukan yana nan fili. Na kawo irina na shuka wake a gonar gaba ɗaya, abin da ya yi nawa ne.

Na ce, Baffa, takinka ne waken zai ci. Na ce kuma 'ya'yansa sun sa rai da shi, matansu ma haka, kada a ce na bayar da hannun dama na karɓe da hagu. Na ce ko a tambayi malam ko ya halatta, tunda an yi magana a gaban mai unguwa cewa daminar tasa ce. Na yi ta kawo dalilai har ransa ya fara ɓaci.

"Kai dai tun kana yaro ba ka iya karɓar abu ba sai ka gajiyar da mai ba ka," ya ce. "To ji nan. Waken naka, harawar tawa. Awakina su ci, su mayar mini da takina. Ko a nan ma akwai haram?"

Na ce babu. Ya miƙe ya sa takalmi, ya ce na nemi iri mai saurin nuna, kada na tsaya tunani har lokaci ya wuce.

Ranar kasuwa na je Ɗambatta na sayo irin. Na shuka shi ni da matata cikin kwana biyu, muna bin tsakanin geron da ba namu ba, ina taka-tsantsan kada na taka ko ɗaya. 'Ya'yan Baffa biyu sun gaishe ni kamar kullum. Babban bai sake mini fuska ba har aka yi girbi, kuma ban ga laifinsa ba.

Waken ya yi, ko da yake tsutsa ta ci gefe guda. Na kai shi kasuwa na musanya da dawa, ta riƙe mu har tsakiyar rani, daga nan na tafi ƙwadagon tumatir a gonakin rani na Watari. Harawar kuwa ni na ɗaure ta da kaina, na kai wa Baffa a keke dami-dami, sawu tara, na hau na jera masa a kan rufin ɗaki.